Koriyar Fitilar Rudun Baba Manu

Har yau ranar da muka je Gumbin Kure duba akwatinmu ba ta fita daga raina ba. Ina saukowa daga mota, abin da idona ya fara sauka a kai kaji ne. Sun kai shida ko bakwai, sun bar duk faɗin filin da ke bayan gidan sun taru a kusurwa ɗaya ta rudun albasa suna tono. Ƙasar wurin ta fi ta ko'ina duhu, kamar an zubar da ruwa, alhali muna tsakiyar bazara, ko ɗigo bai sauka ba. Na gani, ban ce komai ba. Dama ni ba mai yawan magana ba ce.

Malamar kulob ɗinmu na kwamfuta ce ta ce in rubuta wannan saboda ku 'yan aji huɗu da za ku fita aikin hutu bana. Don haka bari in fara gaya muku inda na yi nawa, da abin da ya kai mu ƙauyen.

Ina aji biyar lokacin, a hutun zango na biyu. Ƙanen mahaifiyata, Kawu Nasiru, yana da ɗan shago a Jega Magaji inda ake haɗa ƙananan na'urori. Shi ne mai shago, shi ne kuma mai rubuta manhaja. Sai Anti Rukayya, injiniya ce da ta yi karatu a Aliero. Ƙa'idar shagon ita ce duk abin da ɗaya ya rubuta sai ɗayan ya karanta, sannan mutum na uku ya gwada ya sa hannu. Ni ce ta ukun.

Abin da muke haɗawa a lokacin akwati ne na manoman albasa, bai fi kwalin sabulu biyu girma ba. Kun san rudu, rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa a kan itatuwa a zuba albasa bayan an cire ta, ta zauna har damina. Idan cikin tulin ya yi zafi ya haɗu da laima, ruɓa takan fara daga ƙasa, ba a ganinta daga waje sai ta yi nisa. Akwatin yana da ma'auni a bakin dogon kebul da ake cusawa tsakiyar tulin, yana aiki da batir da ɗan faifan sola. Da farko fitilarsa launi ɗaya ce: in ta kama akwai matsala, in ba ta kama ba lafiya. Sai manoma suka ce ba sa iya bambanta lafiya da mutuwar batir. Shi ya sa Kawu ya sayo fitilar LED mai launi uku a cikinta, ja da kore da shuɗi.

A nan aikin ya yi wuya. Akwatin yana tafiya ne da Linux, kuma a can ƙasan manhajar akwai abin da ake kira kanel, wanda shi ke riƙe da duk sassan na'ura. Kowane sashe yana da ɗan rubutun da ke magana da shi a cikin kanel, ana ce masa direba. Akwai kuma tiriga, wato abin da ke lura da wani hali ya gaya wa direban fitila lokacin da zai kunna ta. Tsohon direbanmu magana biyu kawai ya sani, kunna da kashe. Kawu ya yi mako biyu yana ƙara masa yadda tirigar zafi za ta faɗa masa launi: kore in lafiya, rawaya in zafi ya fara hawa, wanda ake samu in an haɗa ja da kore, sai ja mai ƙyaftawa in an wuce iyaka.

Gwajina mai sauƙi ne. In kunna akwati, in ga kore. In ɗauki bulowar da masu gyaran waya ke amfani da ita in hura wa ma'aunin iska mai zafi har fitila ta koma rawaya, ta koma ja. In naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma ya huce, ta dawo kore. Na yi haka sau da yawa, na cika shafi biyu da alamar daidai, na sa hannu a ƙasa: Lubabatu. Shi ne karo na farko da sa hannuna ya yi wani amfani a wajen makaranta.

Akwatin farko aka kai wa Baba Manu na Gumbin Kure, abokin marigayi kakana. Duk abin da ya noma a shekarar yana cikin rudu ɗaya, kuma shi gidan ke jira. Bayan mako biyu, wata ranar Asabar bayan azahar, muka je dubawa ni da Kawu.

Baba Manu ya fito yana gyara hula. Fitilar tana manne a jikin itacen rudun, koriya shar.

"Injiniya, sannu da hanya," ya ce. "Wanga abin naka hwa lahiya lau. Tun randa kunka ɗaura shi ban ga ja ba ko sau guda. Kullum kore, awa ganyen rama."

Kawu ya yi dariya, ya ɗauki hoton fitilar. "Amma dai kana sa hannu cikin tulin ka ji ɗuminsa kamar da, ko Baba?"

"In sa hannu in yi mi? Ka kawo man mai gadi, kuma in koma ina gadin mai gadi?"

Suka yi dariya tare. Ni kuwa zufa na bin bayana. Zafin ranar irin wanda ke hana tsayuwa a kan ƙasa babu takalmi ne, amma fitila ko rawaya ba ta yi ba. Na ce a raina wataƙila cikin tulin da sanyi.

Baba Manu ya dube ni. "Ke ɗiyar Hajo, ba ki shiga ki gai da Innarki?"

Kawu ya bi shi zaure, ni na shiga cikin gida. A nan ne na ga abin da Kawu ba zai taɓa gani ba, don shi iyakarsa zaure. Saboda tsoron ɓarayi, batirin akwatin ba a gindin rudu yake ba. An shigo da shi ɗakin Inna Kulu, matar Baba Manu, kebul ɗin ya bi ta kan katanga. A gefen batirin akwai faifan kaba, a kan faifan wayoyi biyar. Kusa da su wata caja ce mai baki biyu irin na kamawa. Da na durƙusa gaisuwa hannuna ya taɓa ɗaya daga cikin wayoyin, na ji ta da ɗumi.

Inna Kulu ta ga inda nake kallo. Ta yi ƙasa da murya.

"Na jiyo motarku na yi maza na maida kebul ɗin akwatin. Ba daɗewa nikai ba, daga azahar zuwa la'asar kawai, lokacin da rana ta cika shi. Na maƙwabta na, ba su da inda za su kai. Kak ki gaya ma Kawunki, ɗiyata. Malam ma bai sani ba."

Na ce to. Ta cika mini leda da ƙuliƙuli.

A mota Kawu yana ta murna. Ya ce ranar Laraba za a kai sauran akwatunan Aliero. Ni ina kallon gonaki ta taga, shafukan nan biyu suna ta dawo mini. Kowane layi na gwajina da sanyi ya fara. Kullum a ƙarƙashin fankar shago nake kunna akwati, kullum kore yake tashi, ni kuma na ɗauka haka ya kamata. Ban taɓa kunna shi ma'aunin na da zafi ba. Inna Kulu kuwa kullum haka take yi, kuma a lokacin da rana ta fi zafi.

Sau uku na buɗe baki tsakanin Maiyama da Jega. Na farko na ce, "Kawu," ya ce, "Na'am," na ce ƙishirwa nake ji.

Ranar Lahadi shago a rufe yake. Na yi wanki, na yi shara, amma hankalina yana wurin duhun ƙasar nan. Idan na yi magana na tona asirin matar da ta ce mini ɗiyata. Zan kuma ce wa Kawu rubutunsa na mako biyu yana da gyara, ni da ko layi ɗaya na kanel ban iya rubutawa ba. Sannan sa hannun da ke ƙarƙashin gwajin nawa ne. Idan kuma na yi shiru, wataƙila babu komai, wataƙila kuma albasar Baba Manu tana narkewa a daidai lokacin da nake shanya kaya. Da rana Mama ta aike ni in yanka albasar miya, na samu guda ɗaya mai laushi a kwandon. Na daɗe riƙe da ita har ta leƙo ta ce, "Luba, albasar kike wa addu'a?"

Ranar Litinin na riga kowa zuwa, na jira a bakin ƙofa har Anti Rukayya ta zo da mabuɗi. Ko jaka ban ajiye ba na ɗauko akwatin gwaji. Na hura masa bulowa har ya koma ja yana ƙyaftawa. Ban kashe bulowar ba na zare masa wuta, na ƙirga goma, na mayar. Ya yi kusan minti ɗaya yana tashi. Sai fitila ta kama, koriya. Ma'aunin a hannuna ko riƙe shi ba na iya yi don zafi, fitila kuwa ta tsaya kore ba ta ko motsi.

Na sake. Na sake na uku. Na rubuta a sabon shafi, na je na ajiye littafin a kan madannan kwamfutar Anti Rukayya don ba zan iya faɗa da baki ba.

Ta karanta, ta dube ni, ta ce, "Yi in gani." Na yi. Ta buɗe rubutun direban, ta yi ta gangarawa da yatsa, sannan ta tsaya.

Kawu ya shigo da ƙosai a takarda. Ta juya masa fuskar kwamfutar.

"Malam Nasiru, tirigarka ba ta magana sai zafi ya tsallaka iyaka tana kallo. In akwati ya farka ya tarar an riga an tsallaka, ba ta da abin faɗa. Direba kuma ka ce masa ya fara da kore. To koren nan zai zauna har sai zafi ya sauka ya sake hawa. A cikin tulin da ya fara ruɓa ba zai sauka ba."

Kawu ya karanta a tsaye. Ya ajiye ƙosan.

"Gaskiya ne, kuskure ne, za a gyara kafin Laraba. Amma ba abin tashin hankali ba ne. Batirin nan yana kwana biyu babu rana. Wa zai cire wa akwati wuta da tsakar rana?"

Na kalli ƙasa. Akwai wani ɗan guntun dalma da ya ɗiga a siminti kusa da ƙafar tebur, shi na ƙura wa ido.

"Ana cirewa," na ce.

"Me kika ce?"

"Ana cirewa kullum, Kawu. Daga azahar zuwa la'asar."

Na faɗi komai, wayoyin da cajar da kajin da duhun ƙasa. Muryata ba ta fi ta sauro ba, sai da Anti ta matso da kujerarta.

"Tun Asabar kika ga wannan?" Kawu ya tambaya.

Na ɗaga kai alamar e. Na jira faɗa. Bai yi ba, ya dai shafa fuskarsa da hannu biyu, ya ciro waya ya kira Baba Manu. Ba ta shiga. Ya sake, ba ta shiga.

"Bari in gyara tukuna, awa ɗaya ta isa," ya ce.

"Albasar ba za ta jira ka awa ɗaya ba," in ji Anti. "Kai ka ja mota, ni zan rubuta a baya. Luba, ɗauko akwatin gwaji da ƙaramin batir."

Haka muka yi. Anti tana rubutu kwamfuta na tsalle a cinyarta, ni ina rungume da akwati. Gyara biyu ta yi. Na farko, da zarar an haɗa tiriga da fitila, ta karanta zafin da ake ciki a lokacin ta faɗi launinsa, ba sai ta jira an tsallaka komai ba. Na biyu, direba ya daina farawa da kore. Ya fara da shuɗi, launin da ba mu ba wa wani aiki ba, ma'anarsa ban auna ba tukuna.

A Maiyama Kawu ya tsaya a inuwar wata bishiya ya karanta abin da ta rubuta layi-layi, don ko a hanya ba su yarda su karya ƙa'ida ba. Saura gwaji, ga shi babu bulowa. Na ɗora ma'aunin a kan murfin injin motar, wanda ke ƙuna. Ja. Na zare wuta na mayar. Shuɗi, sannan ja. Sau uku na yi. Wani mai sayar da rake ya tsaya yana kallonmu, ya ce wa Kawu, "Malam, motar ce ba ta da lahiya ko yarinyar?"

Mun isa Gumbin Kure rana ta take. Fitilar rudun tana nan koriya. Kajin ma suna nan, sun ƙaru.

Kawu bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Baba, don Allah sa hannunka a kusurwar nan."

Baba Manu ya dube shi, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu ta tsakanin kara har gwiwar hannu. Ina kallon fuskarsa. Da ya zaro hannun, ya fito a jiƙe, da ɓawon albasa baƙi manne a yatsunsa, sai warin ya biyo baya.

"Innalillahi," ya ce a hankali.

Aka kira maƙwabta, aka yaye ciyawar sama, aka shiga kwasa. Na sama duk lafiya, jajaye masu ƙarfi. Da aka gangara kusurwar gabas sai hannu ya fara nutsewa. Maza suna kwasowa a kwanduna, ana shigar da su cikin gida, mata muna zaɓe a inuwa: mai ƙarfi nan, mai laushi can. Duk kwandon da ya shigo sai gabana ya faɗi kafin in taɓa ta farko. Inna Kulu tana gefena tana zaɓe, ba ta dube ni ba, ni ma ban iya duban ta ba.

Wajen la'asar aka kai ƙarshen ruɓar. Abin da aka zubar ya cika amalanke ɗaya har da tozo. Sauran, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, aka baza a inuwa ya sha iska. Wani dattijo cikin maƙwabtan ya ce da an ƙara 'yan kwanaki da ta bi tulin gaba ɗaya. Ni kuwa abin da nake lissafawa shi ne nawa ne a cikin amalanken nan suka lalace tsakanin Asabar da Litinin. Ban san amsar ba, har yau ban sani ba.

Na fito ɗaukar kwando na tarar Kawu ya durƙusa a gaban Baba Manu.

"Laifin rubutuna ne, Baba. Duk lokacin da wuta ta yanke ta dawo, sai ya nuna kore ko da akwai zafi. Ni ya kamata in hango."

"To wa ka yanke mai wuta?" Baba Manu ya tambaya.

Sai muka ji murya daga bayan katanga.

"Ni ce, Malam. Wayoyi nika sa ma caji."

Baba Manu ya daɗe yana kallon katangar. Sannan ya laluba aljihu ya ciro tasa wayar, ya juya ta.

"Ni ma tawa kullum cike nika iske ta," ya ce. "Ban taɓa tambayar ina ta ka samun wuta ba."

Wani ya yi dariya, ya yi saurin haɗiye ta. Baba Manu bai yi ba, amma ya miƙa wa Kawu hannu ya tashe shi. Anti ta ɗora sabon direban a akwatin rudun, ta bar ma'aunin a rana, ta kunna. Shuɗi, sannan ja. Baba Manu ya ce, "Yanzu kam ta yi magana."

Abin da na koya shi ne gwajin da ke kan teburin shago yana gwada yadda mu muke amfani da na'ura ne kawai. Mu ba ma cire mata wuta, don haka ba mu tambayi abin da za ta yi in an cire ba. Na kuma koyi cewa kore alkawari ne, kada na'ura ta nuna shi kafin ta auna. Na uku kuma nawa ne ni kaɗai, kuma shi ya fi yi mini nauyi: mai gwaji da ta ga abu ta yi shiru ba ta gama aikinta ba, ko da ta cika shafi goma. Kawu bai taɓa yi mini gorin kwana biyun nan ba. Ya dai ƙara layin cire wuta da mayarwa a takardar gwaji, ya ɗage kai akwatunan Aliero da mako guda.

Kafin mu tashi na koma cikin gida. Inna Kulu tana wanke hannu a bakin randa. Na durƙusa na ce ta yafe mini, ni na faɗa.

"Na sani," ta ce. "Da ba ki hwaɗi ba, da mi za mu ci bana? Tashi. Ni dai na tuba, ba ni ƙara taɓa batirin nan. Su kai wayoyinsu can garin Mungadi."

Na tashi, amma ban tafi ba. Gyaran nan a kan murfin mota kawai na gwada shi, da ranar yamma a hannun Anti. Ba wanda ya gwada shi a cikin tulin albasa, a hannun mai cire shi kullum.

"Inna," na ce, "alfarma nake nema. Gobe da azahar ki cire shi kamar yadda kika saba, ki sa wa maƙwabta cajinsu. In kin mayar, don Allah ki leƙa ta kan katanga ki ga launin da ya fara nunawa da wanda ya biyo baya, ki kira ni ki gaya mini. Kullum, har mako ɗaya."